Baba Daidai a Layin Masu Koyo

Ba da wannan suna aka haife shi ba, bakinsa ne ya jawo masa. Shekara talatin da huɗu yana zaune a wani ɗan tsukin shago a bakin titin da ke gangarawa kasuwa, yana gyaran agogo, kuma da wuya rana ta faɗi bai ce wa wani "ba daidai ba ne" ba. In ka kawo agogonka ka ce batir ne ya mutu, sai ya manna gilashinsa a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon, ya tono wani ɗan datti da hantsaki ya nuna maka. In ka ce masa "ina kwana" alhali sha biyu ta gota da minti ɗaya, ba zai amsa ba, bango zai nuna maka. Abin haushin kuwa shi ne, yawanci da gaskiyarsa.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, wani dattijo da bai taɓa yaba aikin kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Yana da shekara ashirin da shida ya ba da gaskiya ga Yesu, lokacin majami'arsu rumfa ce kawai da benci takwas. Da kansa ya ɗauki bulon da aka gina ta. Babu ajin da aka buɗe a ikilisiyar nan da bai shiga ya fito na ɗaya ba, takardun shaidar ma suna nan jere a bangon shago a tsakanin agoguna. Ka ambaci rabin aya, zai ƙarasa maka, ya faɗa maka sura, ya kuma gyara maka inda ka yi tuntuɓe. Ba ya sha, ba ya ƙarya, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Mutane suna girmama shi ƙwarai, sai dai in sun hango shi tafe sukan tuna suna da wani uzuri a ɗaya gefen titi.

Aikinsa a majami'a tsaron ƙofa ne. Akwai doka cewa da zarar an fara wa'azi sai a rufe ƙofa har a gama, kuma ba sai an faɗa wa kowa wanda ya kawo shawarar dokar ba.

Wannan doka ce ta raba shi da 'yarsa Auta. Shekara biyar da suka wuce, ranar da za a miƙa ɗanta na fari ga Ubangiji, motar da ta ɗauko su ta lalace a hanya, suka iso an fara wa'azi da minti bakwai. Ga Auta da jariri a kafaɗa, ga mijinta, ga surukanta sun ci ado sun zo daga nesa. Baba Daidai ya dube su ta tsakanin ƙyauren, ya duba agogonsa, ya ce, "Ko 'yata ce, doka doka ce." Minti arba'in suka yi a tsaye cikin rana. An yi wa jaririn addu'a daga baya, amma tun daga ranar Auta ba ta ƙara taka majami'ar ba, ba ta kuma koma wata ba. Ba ta yi rashin kunya ba. Tana gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba, kuma takan zo ganin uwarta ne a lokacin da ta san yana shago. Abin yana cin sa ƙwarai, yana kewar 'yarsa, amma bai taɓa ba ta haƙuri ba. A lissafinsa, wanda bai karya doka ba ba shi da abin ba da haƙuri a kai.

Ana nan sai aka kawo sabon fasto, mutum mai fara'a da yawan dabaru. Ya ce wa'azin Lahadi kaɗai ba ya raino, don haka za a yi tafiya biyu-biyu: kowane tsohon mai bi zai riƙe sabo ɗaya har mako goma sha biyu, su haɗu awa ɗaya a mako, su karanta wurin da aka ba su cikin Maganar Allah, su yi hira, su yi addu'a. Sakatariya ta buga sunaye ta manna a allon sanarwa, layi biyu, na hagu jagorori, na dama masu koyo.

Baba Daidai ya sa tabarau ya bi layin hagu daga sama har ƙasa, bai ga sunansa ba. Ya sake bi da yatsa. Sai can a lamba ta goma sha huɗu ya hango kansa a dama, cikin masu koyo. Jagoransa kuwa Mai Walda.

Kowa ya san Mai Walda. Ƙato ne ɗan shekara arba'in, mai dariya kamar ana juye duwatsu daga tifa, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Bara-baran nan aka yi masa baftisma. Har yanzu in an ce a buɗe wuri kaza sai ya leƙa na maƙwabcinsa ya ga ta wane gefe ake nema. Sau uku Baba Daidai yana rufe masa ƙofa.

Da wani ne, da ya je ya tambayi Fasto. Amma mutumin da ya shekara talatin yana cewa abin da aka rubuta shi ne abin da aka rubuta, da wane baki zai je ya ce ko kuskure ne? Ban da haka, can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da ya ce masa dattawan ikilisiya ne suka zauna a kan maganarsa, suka ga har yanzu da sauransa. Ya koma gida ko abinci bai iya ci ba.

"An mai da ni ɗan koyo," ya ce wa matarsa. "A hannun Mai Walda."

Mama tana tsintar ƙwallayen zare a cinyarta, don saƙa take yi. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa.

"Ikon Allah," ta ce. "To, Baban Auta, sai ka je ka koya."

"Zan yi mako goma sha biyun nan cif, don kada a ce na ƙi biyayya. In na gama, su nemi wani mai tsaron ƙofar."

Shi kuwa Mai Walda bai san da wani allo ba, bai taɓa tsayawa karanta sanarwa ba a rayuwarsa. Fasto ne ya kira shi a waya ya ce, "Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu ka je shagon Baba Daidai, ku ne tare." Mai Walda ya ce a ransa shi ke nan, an miƙa shi ga alƙali.

Ranar Alhamis ya iso huɗu da kwata, yana haki, ya wanke fuska amma ya manta da wuya. Ya tarar Baba ya goge kujera mai hannu, wadda ba a ba kowa sai manyan baƙi, shi kuma ya koma kan wani ɗan benci.

"Bismillah, Malam, zauna," in ji Baba, kamar ana zare masa haƙori.

"Haba Baba, ni a nan? Wane ni!"

"Nan ne wurinka. Zauna."

Mai Walda ya ɗosana a bakin kujera, yana cewa a ransa lalle tsofaffin masu bi daban suke, dubi tawali'u. Suka yi shiru. Agoguna goma sha bakwai suna ta ƙas-ƙas a bango. Baba yana jiran malami ya fara darasi, Mai Walda yana jiran malami ya fara darasi. Da shirun ya kai minti biyar, Baba ya gaji.

"To, ina jin ka."

Mai Walda ya ɗauka haka tsarin yake, mai koyo ne ke fara zazzage cikinsa. Sai ya zazzage. Ya ce shekaranjiya ya dawo daga aiki a gajiye, ya tarar uwar 'ya'yansa ta ba da aron guduma ba ta tambaye shi ba, ya yi mata tsawa a gaban yara. Ya fita ya zauna a ƙofar gida, abin ya hana shi sakat, ya koma ciki ya durƙusa a bakin murhu ya ce ta yafe masa. Ta ce ya tashi kada ya ƙone.

Baba ya gyara zama a kan bencin. Tsawa a gaban mutane, ba da haƙuri. Ya ce a ransa, wato an ba shi labarina kaf, ya zo yana yi mini wa'azi a kaikaice. Ya haɗiye, ya ce, "Na ji darasi."

Mai Walda ya tafi gida yana ta mamakin yadda dattijo kamar wannan yake kiran shirmensa darasi.

Haka aka ci gaba. Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne yadda mutumin nan yake karatu. Yana bin layi da yatsa mai kauri, yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi, Baba yana cije leɓe don ɗalibi ba ya gyara wa malami. In ya kai ƙarshe sai ya buga cinya ya ce, "Kai! Wannan da ni yake." Kowane mako haka. A yi maganar fushi, da shi ake. A yi maganar girman kai, da shi ake. Shi kuwa Baba, shekara talatin da huɗu yana karanta wuraren nan, kuma kowace aya ya san wanda ta dace da shi: wannan ta shugaban mawaƙa ce, wannan ta matar mai kanti ce. Bai taɓa cin karo da tasa ba. A mako na huɗu ya gwada karantawa irin ta Mai Walda da safe kafin ya buɗe shago, bai kai aya shida ba ya rufe, don abin ya yi masa zafi.

A mako na biyar ya yi dariya. Mai Walda ne yake ba da labarin yadda ya yi addu'a a kan wata ƙofar ƙarfe da ta ƙi shiga gurbinta, daga baya ya gane a kife ya ɗora ta. Dariyar ta kuɓuce wa Baba ba shiri, har mai sayar da katin waya na kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Daga nan ya fara ajiye shayi a fulas tun uku da rabi. In Mai Walda ya makara, Baba yakan duba agogo, ya buɗe baki, ya tuna matsayinsa, ya rufe. Mama ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin maganin da ya karɓe shi kamar wannan ba.

A mako na bakwai ne Mai Walda ya yi tambayar da ta tsaya wa Baba a wuya. Da zuciya ɗaya ya yi ta, don yana da wani abokin aiki da suka saɓa.

"Baba, kai da ka daɗe a hanyar nan, in ka yi wa mutum laifi ya kwana biyu, ta ina kake farawa? Yaushe ne na ƙarshe da ka ba wani haƙuri, in ji yadda ka yi?"

Baba ya ɗauki wani agogo ya buɗe bayansa, alhali ya gama gyara shi tun jiya. Ya nemi amsa cikin shekara talatin da huɗu bai samu ko ɗaya ba. Ƙarya kuwa ba ya yi.

"Ban taɓa ba," ya ce.

Mai Walda ya buɗe baki. Shi a tunaninsa dattijon bai taɓa yin laifin ba ne. Amma da ya ga Baba ya ƙi ɗago kai, sai ya gane ba haka ba ne. Baba ya ajiye agogon ya ba shi labarin Auta tun daga lalacewar mota har minti arba'in ɗin, bai rage komai ba. Shi ne karo na farko da ya faɗi labarin bai ƙare da cewa doka doka ce ba.

"To, Malam, me ka ce in yi?"

"Ni Baba? Ni me na sani?" Mai Walda ya sosa ƙeya. "Abu ɗaya dai na gane a gidana. In na ce wa uwar yara ta yi haƙuri, sannan na ƙara da 'amma ke ma', to gara ban fara ba. Ranar da na faɗi laifina na ja bakina na tsuke, ranar ake cin abinci da daɗi."

Baba ya ɗauki wannan a matsayin aikin gida daga jagora. Mako biyu yana rubuta jawabi a bayan wata tsohuwar kalanda, yana gogewa. Duk yadda ya juya shi, sai ya tarar bayanin dalilin dokar ya saɗaɗo ya shigo ta sakin layi na biyu.

Ran Lahadin mako na tara, bayan an tashi sujada, Fasto ya tare shi a baranda yana murmushi har kunne.

"Baba, sannu da ƙoƙari! Ɗalibinka yana ta yabonka a gari. Ya ce bai taɓa ganin jagora mai tawali'u irinka ba, wai har kujerarka kake ba shi."

"Ɗalibina?"

Suka je gaban allo tare. Takardar ta koɗe, gefenta ya nannaɗe. Fasto ya bi lamba ta goma sha huɗu da ido, ya dafe kai, ya ƙwala wa sakatariya kira. Baiwar Allah ta zo ta duba, ta ce wayyo, wurin bugawa ne ta juya sunayen, kuma ba wanda ya lura don kowa nasa sunan yake nema. Tana ba da haƙuri tana ja da baya, don ta san wanda ta taɓo. Aka kira Mai Walda. Da ya fahimci cewa mako tara dattijon nan yana zaune a benci yana ɗaukarsa malami, sai ya zauna daɓas a kan matakala, ya yi dariya har hawaye, sannan kunya ta kama shi ya rufe fuska da hula.

Kowa ya zuba wa Baba ido ana jiran saukar aradu. Shi ma ya ji kalmomin nan nasa na "ba daidai ba ne" sun taso har bakin leɓe. Ga mutuncinsa an dawo masa da shi a faranti. Dattawa ba su zauna a kansa ba, ba wanda ya ce da sauransa, ba kuma wanda ya ba shi aikin gida. Yana iya yaga bayan kalandar nan yau, ba mai tambayarsa.

Sakatariya ta kai hannu za ta cire takardar.

"Bar ta, 'yata," in ji Baba. "Saura mako uku. Ba a canja wa ɗalibi malami a tsakiyar zango."

A hanyar gida ya ba Mama labari, yana jiran ta yi mamaki. Ko gezau.

"Ai tun ranar farko na san kuskure ne," ta ce. "Wane fasto ne mai hankali zai yi wannan da gangan?"

"Kika yi shiru?"

"Shekara nawa ina roƙon Allah ya aiko maka da malami? Ya aiko, sai in kore shi?"

Ranar Asabar da hantsi Mai Walda ya ɗauke shi a bayan babur, ya sauke shi a bakin layin su Auta, ya ce zai jira a inuwa yana addu'a. Baba ya yi sallama ya shiga. Ya tarar da ita a tsakar gida tana wanki, hannu duk kumfa, ga igiyar shanya ta cika rabi. Ta miƙe da sauri, don bai taɓa zuwa gidan ba tare da Mama ba.

"Baba, lafiya? Mama ce?"

"Lafiyarta ƙalau. Wurinki na zo."

Ta rasa abin yi da shi. Kujerun duk an fito da su an jingine ana share ɗaki. Tana riƙe da wani babban zanen gado da ta tsamo daga ruwa, sai ya kai hannu ya kama ɗaya bakin, suka fara matsewa, ita tana murɗawa dama, shi hagu. Jawabin yana aljihu, kuma hannuwansa biyu duk a jiƙe. Ya ga ba zai ciru ba, ya haƙura da shi.

"Auta, ranar da kika kawo yaron nan majami'a, na bar ki a rana, ke da mijinki da surukanki. Na kunyata ki. Na yi miki laifi, na kuma ƙara da shekara biyar ban zo na faɗa ba. Ki yafe mini."

Ta tsaya da murɗawa. Tana kallonsa, tana jiran sauran. Ta san ubanta, ta san akwai saura. Shi ma yana jin sauran yana neman fitowa, ya danne shi da ƙyar. Ruwa yana ɗiga daga zanen a kan takalmansa.

"Sai kuma me?" ta ce a hankali.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Sai ta saki zanen ya faɗi ƙasa, wankakke, ta kifa fuskarta a kafaɗarsa tana kuka kamar 'yar shekara shida, kumfa duk ta ɓata masa riga. Shi ma ya yi kukan, bai ɓoye ba. Daɗin da ya ji a wannan tsakar gida bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da aka tsamo shi daga ruwan baftisma.

Da ta nutsu ta share ido da gefen zane, ta ce, "Ban ce gobe zan zo majami'a ba fa."

"Ban tambaye ki ba."

Ta dube shi, dariya ta ƙwace mata cikin hawaye. Ta juya wajen ɗaki ta ɗaga murya tana kiran mijinta.

"Baban yara! Fito ka kawo kujera mai kyau, ka zo da yaron nan. Babana ne ya zo, kuma yau a nan zai wuni."